Kwanan Kafe: Yadda Na Shiga Harkar Kutse da Yadda Na Koyi Sallama

Da tsumma na fara taɓa kwamfuta. A shekarar 2003 ne, ina aji huɗu a sakandare, Baba ya gaji da ganina ina gararamba a unguwa da zarar an tashi daga makaranta, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin wani amininsa da ya buɗe kafe, wato shagon intanet, a wajajen Kabuga, ba nisa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ya ce masa, “Alhaji, ga ɗanka nan, ko shara ce a ba shi ya riƙa yi.” Alhaji kuwa bai ƙara ba bai rage ba. Wata uku cur aikina shara, goge ƙura daga fuskar kwamfutoci, da ɗauko man janareto a jarka idan 'yan NEPA sun yi halinsu.

Kwamfutoci goma sha huɗu ne a shagon, duk 'yan gwanjo, yawancinsu Pentium III, wasu da Windows 98 wasu da XP. A kan rufi akwai wani ƙaton faranti da ke jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, kuma abin da Alhaji ke biya a kansa duk wata ya fi kuɗin hayar shagon nesa ba kusa ba. Lokacin wayar salula ba ta fi shekara biyu da shigowa Najeriya ba, layi kaɗai sai mai hali, balle a yi maganar intanet a waya. Duk mai son duba saƙonsa sai ya zo wurinmu ya yanki tikiti, awa ɗaya naira ɗari. Idan shagon ya cika, sai ka danna shafin Yahoo, ka fita ka yi alwala ka dawo, bai gama buɗewa ba.

Akwai wani injiniya da ke zuwa daga Sabon Gari duk Asabar yana duba na'urorin. Oga nake ce masa, shi kuma “yaro” kawai yake ce mini har muka rabu. Shi ya fara miƙa mini sukundireba. Ya koya mini cewa idan kwamfuta ta ƙi tashi tana ta ƙara tit-tit, sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, ƙura ce ta hau ƙwaƙwalwarta, sai a zare ta a goge bakin da robar goge fensir a mayar. Ranar da na yi haka da hannuna allo ya kawo haske, na ji kamar na tayar da matacce. Daga ranar na daina ganin kwamfuta a matsayin abin tsafin Turawa. Abu ne da mutum ya haɗa, kuma abin da mutum ya haɗa, wani mutum zai iya kwance shi.

Kutsena na farko, idan har ya cancanci sunan, a kan Alhaji na yi shi. Akwai wata manhaja mai ƙirga lokaci a kowace kwamfuta, da lokacinka ya ƙare sai ta rufe allon. Na lura wani ɗalibi yana sayen rabin awa amma ya yi awa uku a zaune. Na laɓe a bayansa ina shara har na ga maɓallan da yake dannawa ya kashe manhajar. Windows 98 ba ta da wani shamaki a kan haka. Gaskiyar magana, sai da na yi mako biyu ina cin moriyar dabarar bayan an rufe shago kafin na gaya wa Oga. Ya yi dariya, ya toshe hanyar, ni kuma na kwana biyu ina neman wata har na samu. Shi ya toshe, ni in ɓula. Babu wanda ya kira wannan da karatu, amma a nan na yi karatun da ya fi kowane zama a kaina.

Da na gama sakandare a 2005 sai Alhaji ya damƙa mini kwanan kafe. Daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba ake yi, a farashi mai rahusa, kuma da dare intanet ya fi gudu saboda mutane sun ragu. Ɗalibai masu neman kayan furojet, masu neman gurbin karatu a waje, masu hira da 'yan matan da ba za su taɓa gani ba, da wasu 'yan tsiraru da ke zama can ƙurya suna juya allo ya kalli bango. Ni kuwa ina kan kwamfutar kanta ina karatu. A ɗakunan hira na IRC na haɗu da samari daga Indiya, Masar, Romaniya da Brazil, kowa da sunan ɓoye, kowa da guntun Turancinsa. Dokarsu ɗaya ce: kada ka tambayi abin da ba ka fara nema da kanka ba. Idan ka yi tambayar rago, amsar da za ka samu ita ce ka je ka karanta, wani lokaci har da zagi a kai. Na sha zagi, na kuma yi karatu.

A wurinsu na ji labarin Linux, babbar manhajar da wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 ya sake ta kyauta, kowa ya duba cikinta ya gyara. Sauke ta a kafenmu zai cinye intanet na kwana da kwanaki, Alhaji zai kore ni. Sai wani ya ce ai kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, yana aika faifan Ubuntu, wani nau'in Linux, kyauta duk inda kake a duniya. Ban yarda ba. A tunanina damfara ce, don mu nan mun san yadda ake fara ta. Na cike fom duk da haka, na sa lambar akwatin gidan waya na ofishin su Baba, na manta. Bayan kusan wata biyu Baba ya dawo gida da ambulan mai tambarin ƙasar waje, yana kallona kamar na shiga wata ƙungiyar asiri. Ya ce, “Kai, wa ka sani a Turai?” Na ce, “Baba, wallahi babu kowa.” Wannan amsar ce ma ta ƙara ɗaga masa hankali.

Faifai biyu ne a kowane kwali, ɗaya na gwaji wanda ba ya taɓa komai a kwamfuta, ɗaya na girkawa. Da na yi haƙuri da na gwajin, da ba a ji kaina ba. A daren na ɗauki na girkawa na sa a kwamfutar da ake buga wa mutane takardu. Ta tambaye ni yadda nake so a raba babban faifai, ban gane tambayar ba, na zaɓi ta farko. Ta farkon nan ma'anarta a share komai. Da gari ya waye furojet ɗin ɗalibai huɗu ya tafi, ɗaya daga ciki saura kwana uku ta miƙa nata. Sa'ar da na ci ita ce rubutun hannunsu yana cikin durowa. Kwana uku ina sake bugawa da yatsu biyu, Alhaji ya yanke albashina na wata, ɗalibar kuma duk lokacin da ta shigo sai ta ce, “Malam mai share-share, an tashi lafiya?” Har yau ba na danna komai da ya shafi faifai sai na karanta sau biyu na kuma kwafi abin da ke ciki.

Amma Linux ta biya ni. A 2006 wata ƙwayar cuta mai suna Brontok, wadda ta taso daga Indonesiya, ta mamaye kafe-kafen gari. Tana bin filas, ta ƙirƙiri fayil mai kama da jaka da sunan jakarka, kana dannawa ka kamu. Ta ɓoye wurin da ake cewa a nuna ɓoyayyun fayiloli, kuma idan ka buɗe baƙin allon umarni don ka kama ta, sai kwamfutar ta mutu ta sake tashi. Na ji haushinta, na kuma yi mamakin wanda ya rubuta ta, don ya san duk hanyar da mai gyara zai biyo ya zauna a bakinta. A kan Linux kuwa ba ta da ƙarfin komai, fayil ce kawai a kwance. Sai in sa filas ɗin mutum a can, in tsince ta ɗaya bayan ɗaya kamar tsakuwa a shinkafa, in karɓi naira hamsin. A nan sunana ya fara fita, har daga titin Beirut, kasuwar 'yan kwamfuta, ake turo mini mutane.

Cikin waɗannan darare na karanta tarihin mutanen da nake kwaikwayo. Kalmar da Turawa ke kiransu da ita, wato “hacker”, ta yi kama da “haƙa” tamu, kuma ya dace, don tono ne aikin. Yanzu 'yan kutse ake cewa a rediyo, wasu marubutanmu kuma su ce 'yan dandatsa. Asalin abin a jami'ar MIT ta Amurka ya tsiro, wurin ɗaliban da ke alfahari da sa na'ura ta yi abin da maƙerinta bai yi zato ba. A can Richard Stallman ya fito, wanda ya sanar da shirin GNU na rubuta manhajojin da kowa zai iya dubawa ya gyara a 1983 bisa ra'ayin cewa bai kamata a kulle manhaja a hana mai ita ganin cikinta ba. Na karanta labarin John Draper, wanda ya yi suna da usur ɗin wasan yara da ake sakawa a kwalin abincin karin kumallo, mai sautin da ke kaɗawa sau 2600 a daƙiƙa, daidai sautin da layukan tarho na Amurka ke ɗauka a matsayin umarni, har a iya buga waya ba a biya ba. Na karanta na 'yan Chaos Computer Club na Jamus, waɗanda a 1984 suka janyo kusan mak dubu 135, kuɗin Jamus na lokacin, daga wani banki a Hamburg ta wata kafa a tsarin sadarwar gidan waya, suka mayar da kuɗin a bainar jama'a don su nuna kafar tana nan. Da na Robert Morris, ɗalibin da tsutsarsa, wato manhaja mai yaɗa kanta, ta durƙusar da dubban kwamfutoci a Nuwamban 1988, aka hukunta shi, daga baya ya zama farfesa a MIT ɗin. Gwarzona dai shi ne Kevin Mitnick, wanda aka kama a Fabrairun 1995 ya yi shekara biyar a tsare. Abin da ban tsaya na lura da shi ba a lokacin shi ne, a duk labaran nan jarumin nake kallo. Ban taɓa tambayar kaina ya mutanen da aka shiga kayansu suka kwana ba.

A 2007 na sa wata 'yar manhaja a kwamfuta mai lamba bakwai, mai rubuta duk maɓallin da aka danna ta adana a ɓoye. Na gaya wa kaina gwaji ne, ina so in ga ko za ta yi aiki. Ta yi. Cikin mako ɗaya na tara kalmar sirrin mutane fiye da ashirin. Da a nan na tsaya na goge, da labarin ya zo da sauƙi. Amma wanda ya riƙe makulli hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Wani dare na buɗe akwatin imel na wani magidanci, ma'aikacin gwamnati da ke zuwa duk Talata da Alhamis bayan la'asar, mutum mai fara'a da kan bar mini canjin naira ashirin. Saƙonninsa kusan duk zuwa ga ƙaninsa ne da ke aiki a Saudiyya. Matarsa ce ba lafiya, ciwo mai tsanani, an ce sai an yi aiki, ya sayar da filinsa bai isa ba, kuma ya roƙi ƙanin kada ya gaya wa mahaifiyarsu. Na karanta duka. Ban ɗauki komai ba, ban canza komai ba, na rufe na ce ai ban cuci kowa ba.

Ranar Alhamis ya shigo, ya yi sallama, na miƙa masa tikiti. Bakina ya riga hankalina, na ce, “Yallaɓai, ya mai jiki?”

Ya tsaya da tikitin a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Wa ya gaya maka?”

Na rasa ta cewa. Ya dube ni, ya dubi layin kwamfutocin, ya ajiye tikitin a kan kanta ya wuce ofishin Alhaji. Minti goma da suka yi a ciki sun fi mini kwanan kafe tsawo.

Na zaci mari zan sha, da ma shi na sha. Alhaji ya sa na zauna a ƙasa, ya ce, “Ɗan nan, idan ka je gidan mutum ka tarar da ƙofa a buɗe, shiga kake yi har ɗakin matarsa?” Na ce a'a. Ya ce, “To sau nawa ake sallama?” Na ce uku. “Idan ba a amsa ba fa?” Na ce a juya. Ya karanto mini ayar Suratul Hujurati da ta hana bin diddigin asirin mutane, ayar da na haddace tun ina Islamiyya ban taɓa kawo cewa ta shafi kwamfuta ba. Sannan ya yanke hukunci. A daren in yi wa kwamfutoci goma sha huɗun fomatin gaba ɗaya. In rubuta sanarwa da hannuna in manna a ƙofa cewa duk wanda ya yi amfani da shagon ya canza kalmar sirrinsa, kuma duk wanda ya tambayi dalili ni zan ba shi amsa. Na uku shi ne mafi nauyi: Baba zai raka ni gidan mutumin.

A zaure ya karɓe mu. Baba ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin, ni kaina a sunkuye. Mutumin ya ce, “Malam, na yafe masa duniya da lahira. Amma abin da na ɓoye wa uwata, yaron shago ya san shi.” Bai ƙara ba. Bai sake taka kafenmu ba, kuma ban taɓa jin yadda jikin matar ya ƙare ba, don ba ni da fuskar tambaya.

Ba zan ce daga ranar na zama waliyyi ba. Mutanen ƙuryar nan masu juya allo, 'yan yahoo, sun ji abin da na iya, ɗaya ya same ni da tayin kuɗin da ya ninka albashina sau biyar idan zan riƙa tara masa akwatunan imel. Na ƙi, amma rabin dalilin tsoro ne. EFCC ta Nuhu Ribadu tana tashe, dokar damfara ta 2006 ta wajabta wa masu kafe yin rajista da hukumar, kuma ana jin labarin samame a wasu garuruwa. Ɗaya rabin kuwa fuskar mutumin nan ce a zaure. Sai dai da zamanin burauzin kyauta ya zo, wajajen 2008 zuwa 2011, da ni aka yi tsundum. Kowane saurayi mai Nokia yana neman manhajar shiga intanet ta Opera Mini da aka yi wa kwaskwarima, a cusa wasu lambobi a saitinta ta samu intanet ba tare da an ci kati ba. Kamfanin waya ya toshe yau, jibi wata ta fito, kamar dai ni da Oga a da. A kasuwar waya ta Farm Centre har sayar da saitin ake yi. Muna cewa ai kamfani ne, su ma suna cinye mana kati ba dalili. Sata ce dai, mun sa mata riga ne kawai, kuma na ɗauki shekaru kafin na iya faɗin haka ba tare da na ƙara “amma” ba.

Wayar ce kuma ta kashe kafen. Da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, Main One da Glo-1, suka fara aiki a Legas a 2010, data ta fara araha, modem ya shiga jakar kowane ɗalibi. Alhaji ya sayar da farantin, ya bar firinta da na'urar hoto. Ni kuma na koma makaranta na yi difloma, na haɗa tsofaffin kwamfutoci uku da ya ba ni a ɗakina na mai da su filin atisaye. Nakan girka manhaja mai rauni a ɗaya, in kai mata hari daga ɗaya da BackTrack, wani nau'in Linux mai ɗauke da kayan gwajin kutse, daga baya Kali da ta gaje ta a 2013, in rushe in sake ginawa. Duk abin da nake ɗokin gani a kwamfutar wasu, ashe ana iya ganinsa a tawa, illa dai babu asirin kowa a ciki. A 2015 aka sa hannu a dokar laifukan intanet ta Najeriya, wadda ta tanadi ɗaurin shekaru ko tarar miliyoyin naira ga wanda ya shiga kwamfutar wani ba izini da mugun nufi. Na karanta sashen ina lissafa shekarata ta 2007.

Aikina na farko da aka biya ni in yi kutse ya zo a 2016, a wani ƙaramin kamfani. Kafin in kunna kwamfuta sai da muka yi kwana huɗu a kan takarda: waɗanne na'urori aka yarda in taɓa, waɗanne aka hana, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, da lambar wanda zan kira idan wani abu ya faɗi. Manajan ya gaji, ya ce, “Malam, ai mun yarda da kai, ka fara kawai.” Na ce, “Ranka ya daɗe, a dai sa hannu.” Shigar kanta ba ta kai awa biyu ba. Kalmar sirrin mai kula da na'urorinsu sunan kamfanin ce da 123 a ƙarshe, kuma ita ya sa a ko'ina. Daga nan hanya ta miƙe har akwatin imel na manajan. Na tsaya a bakin ƙofa, na ɗauki hoton allo da ke nuna an shiga, na rufe kan saƙonnin da baƙin layi, na fita. Rahoton ne ya ci mini mako guda, don dole in bayyana kowace kafa da yadda za a toshe ta cikin harshen da akanta zai gane.

Ranar da na gabatar, manajan ya ga hoton akwatinsa a jikin bango, ya yi shiru. Da kowa ya fita ya jawo ni gefe ya rage murya.

“Tsakaninka da Allah, ka karanta?”

Na ce ban karanta ba. Na ga bai gamsu ba, sai na buɗe masa rajistar uwar garkensu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da saƙonninsu, na nuna masa lokacin da na shiga da lokacin da na fita, daƙiƙa arba'in a tsakani, babu saƙo ko ɗaya da aka buɗe. Ya daɗe yana kallon lambobin, ba na jin ya gane su. Can ya yi ajiyar zuciya, ya sa hannu a takardar biyana, sannan ya ce tunda ga ni, ko zan duba masa firintar ofishinsa, tun Litinin take cin takarda.